Tsingaron tukwanen gishiri ya fi mini zinaren Varna

Tun jiya nake karanta labarin wani kufai a Bulgariya, kusa da garin Provadiya, kimanin kilomita 40 daga Varna da ke bakin Baƙin Teku. Sunansa Solnitsata, wato ma'ajin gishiri. Tun 2005 Farfesa Vasil Nikolov da mutanensa suke haƙa a wurin, kuma a 2012 suka ce sun gano gari mafi tsufa da aka sani a Turai.

Gari ne ƙarami ƙwarai, mutanensa ba su wuce 350 ba. Amma sun kewaye kansu da ganuwar dutse mai kauri, girgizar ƙasa ta rushe ta, suka sake tayarwa. Me mutum 350 ke ɓoyewa haka? Gishiri. Tun wajen shekara 5500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suke ɗebo ruwan zartsi daga maɓuɓɓuga, su zuba a tukwanen yumɓu, su jera a murhu, su yi ta iza wuta har ruwan ya ƙone ya bar dunƙulen gishiri. Da kasuwa ta buɗe, sai suka koma haƙa manyan ramuka suna jera manyan tukwane a ciki.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk wanda ya ba da wannan labari sai ya garzaya zuwa maƙabartar Varna da aka gano a 1972, inda aka tono zinare wajen kilo 6, kabari ɗaya kawai yana ɗauke da kusan kilo ɗaya da rabi. Zinaren yana da kyau, ban musa ba. Amma masu binciken da kansu suna ganin cinikin gishirin nan ne ya kawo wannan arziki. Ni dai tulin tsingaron da aka tono a bakin ramukan ya fi taɓa ni. Kowane guntu akwai hannun wanda ya gina tukunyar, da wanda ya saro itace, da wanda ya kwana a bakin wuta hayaƙi na cika masa ido. Ba a binne su da mundayen zinare ba.

Mu kam wannan sana'a ba baƙuwa ba ce gare mu. Har yau matan Keana a Nasarawa suna tace ruwan zartsi su dafa shi a kan wuta. A ƙasar Manga ma a tukwanen yumɓu ake dafa mangul. Ga kantun Bilma da ayarin Abzinawa ke ɗorawa raƙuma har zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. To, ina tsofaffin murahun? Ina jujin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zubar da fasassun tukwane? Wallahi ina tsoron garma da masu buga bulo su riga masu bincike isa wurin.

'Yan'uwa ɗaliban tarihi, musamman na ABU Zariya da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, idan kun san inda ake irin wannan haƙa a garuruwan gishirinmu, don Allah ku sanar da ni. Ina so in je in gani da idona.