Kafin Mantuwa Ta Bayyana, a Fara Duba Zuciya

A yawancin gidajenmu, idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau uku a zama guda, ko ya tsaya cak a tsakiyar sallah yana laluben raka'ar da yake ciki, sai a ce tsufa ne, a ƙyale shi. Ba na musun cewa shekaru suna da nasu rabon, amma binciken likitoci yana nuna cewa wani ɓangare na wannan lalacewa yakan soma ne tun mutum yana da ƙarfinsa, kuma yana da alaƙa da lafiyar zuciya.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 cikin ɗari na jinin da zuciya ke turawa, kuma ba ta da rumbun da za ta ajiye iskar da jinin ke kawo mata. A ƙarshen 2016, masu bincike a birnin Rotterdam na ƙasar Holan suka wallafa a mujallar Radiology sakamakon gwajin mutum 2,397 waɗanda ba su da gigin tsufa, ba a kuma taɓa gano ciwon zuciya a jikinsu ba. Sun auna sinadarin NT-proBNP, wanda yake ƙaruwa a jini idan zuciya tana aiki cikin matsi, sannan suka ɗauki hoton kawunansu da na'urar MRI. Waɗanda sinadarin ya fi yawa a jininsu, ƙwaƙwalwarsu ta fi ƙanƙancewa, zaren da ke sada sassanta kuma ya fi rauni. Tun a 2003, bincike a wannan birni ya nuna cewa ƙananan toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ba sa shanye ɓarin jiki, suna ninka haɗarin gigin tsufa fiye da sau biyu.

Dole a yi adalci: ganin abu biyu tare ba hujja ba ce cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan. Mai yiwuwa hawan jini ne yake cin zuciya da ƙwaƙwalwa a lokaci guda, kuma a ganina nan ne maganar ta fi shafar mu. Gwajin SPRINT MIND a Amurka ya nuna a 2019 cewa tsananta saukar da hawan jini yana rage haɗarin raunin tunani na matakin farko.

Hoton MRI ya fi ƙarfin aljihun talaka, amma awon hawan jini bai fi minti biyar ba a kowane ƙaramin asibiti. Abin da ya fi damuna shi ne magidanci ɗan shekara 45 da aka ɗora a kan maganin hawan jini, ya sha na wata ɗaya, ciwon kai ya lafa, sai ya jefa sauran ƙwayoyin a aljihun babbar riga ya ce ya warke. Ya kamata ma'aikacin lafiyar da ya rubuta masa maganin ya gaya masa ƙarara cewa ƙwayar nan tana kare tunaninsa ne na shekara ashirin masu zuwa.