Ku bar yaro ya yi tuwon ƙasa kafin ku ba shi fensir

Iyaye da malaman nasare (makarantar ƙananan yara kafin firamare), abin nan ya fara yawa. Yaro ɗan shekara 3 a ba shi aikin gida ya rubuta 1 zuwa 100, ya kasa, a ce daƙiƙi ne. Laifin ba nasa ba ne. Yatsunsa ba su ƙosa ba, yawancin yara sai tsakanin shekara 4 zuwa 6 suke iya riƙe fensir da yatsu uku yadda ya kamata. In aka matsa masa, sai ya dunƙule hannu ya damƙe fensirin, ya danne takarda har ta yage, hannun ya gaji, daga nan ya tsani littafi. Ita kanta manufar ilimi ta Najeriya cewa ta yi wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki.

Abin da ke gina hannun yana cikin gida: ƙullin fulawa da yaro zai yi wasa da shi kamar tuwon ƙasa. A kwaɓa fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, man gyaɗa cokali 2, ana zuba ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan har kusan kofi 1. In yana manne wa hannu a ƙara fulawa, in yana tsattsagewa a ɗiga ruwa. Gishirin ne ke hana shi lalacewa da wuri, shi ne kuma dalilin da ba za a bar yaro ya ci ba. A ƙulle shi a leda bayan wasa. In fulawa ta yi tsada, yumɓu ma ya wadatar. Ya mulmula, ya murza, ya gutsuro da babban yatsa da manuni: yatsun da za su yi rubutu gobe ke nan.

Haka ƙirga. Rera 1 zuwa 20 hadda ce kawai. Jera masa murafan kwalba 4, ya taɓa kowanne yana ƙirgawa, sai ki tambaye shi: "To, guda nawa ne?" In ya sake farawa daga ɗaya, bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimla ba. Koma kan 3, kada ki yi gaba. Amma wanda bai kai shekara 3 ba, a nesanta shi da wake, gyaɗa, tsakuwa da maɓalli, domin suna shaƙe yaro.

Inda manya suka fi ɓata abin shi ne karɓe wasan. Ya gina abin da ya kira mota, sai a ce "ba haka ake yi ba", a rushe a gina masa. Ce masa: "Ina za ta kai mu? Wa ke tuƙi?" Amsarsa ita ce darasin magana na ranar.

Waya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban ta, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, alhali yana buƙatar aƙalla awa 3 na motsa jiki.