Kwamfutata Ta Koyi Cizo

Tun da na dawo da kwamfutar tebur ɗina sabon shago ta ɗauki wata mummunar ɗabi'a. Duk wanda ya kai hannu zai soka filash, sai ta ɗan tsunkule shi. Ni dai idan na ji zirr a yatsa sai in daure in ci gaba da aiki, don kada kwastoma ya raina ni. Yaron shagona kuwa ya yanke hukuncin cewa shagon na da mutanen ɓoye, har ya fara yin bisimilla da ƙarfi kafin ya kunna ta. Abin da ya ƙara masa hujja shi ne, ba kowa take cizo ba. Mai takalmin roba lafiya lau suke rabuwa. Amma wanda ya dawo daga alwala, ƙafa jiƙe a kan siminti, shi ne abincinta.

Na ɗora tasta, wato sukudireba mai gwada wuta, a kan kusar bayan akwatin kwamfutar, ta kawo haske. Na ɗauko mita na sa ta a AC, na auna tsakanin ƙarfen akwatin da sandar ƙarfen da ke kafe a ƙasa: bolt 110 da 'yan kai. Wannan lambar ce ta tona asiri. A cikin fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, akwai ƙananan kafasita biyu masu tace hayaniyar lantarki, ɗaya daga layif (wayar da ke kawo wuta) zuwa jikin ƙarfen, ɗaya daga nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) zuwa jikin ƙarfen. An yi su ne da nufin ɗan abin da ke tsiyaya ya bi wayar ƙasa, wato waya ta uku mai kai wuta cikin ƙasa, ya tafi abinsa. Idan babu wayar ƙasa, sai su raba bolt 230 biyu su bar rabi a jikin akwatin, yana jiran wanda zai yi masa hanya. Ƙarfinsa kaɗan ne, yawanci bai kai miliamfiya 1 ba, shi ya sa yake tsunkuli bai kayar da mutum ba. Sai dai yana iya ƙona ramin USB ko na firinta idan ana jona waya kwamfuta na kunne.

Aljanin farko a cikin ekstenshan na same shi. Fulogi mai ƙafa uku, kyakkyawa, amma da na kwance shi waya biyu kacal ce a ciki, siraru kamar taliyar Hausa. Ƙafa ta ukun ado ce. Na sayo mai waya uku na gaske: ruwan ƙasa layif, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa. Na jona, na taɓa akwatin ina taƙama a gaban yaro, ta sake cizona.

Sai na koma kan soket na bango. A soket lafiyayye, mita za ta nuna kusan 230 tsakanin layif da nutural, kusan 230 tsakanin layif da ramin sama, wato na wayar ƙasa, sannan bolt ɗaya ko biyu zuwa kaɗan tsakanin nutural da ramin sama. Nawa kuwa lambobi ne marasa kan gado. Da na kashe wutar shagon daga babban makunni na buɗe shi, ramin saman wayam, ko gizo-gizo bai taɓa ziyartarsa ba.

Wani ya ba ni shawarar in haɗa nutural da ramin wayar ƙasa a cikin soket ɗin, wai an gama. Kada ku kuskura. Ranar da nutural ta katse, ko aka juya wayoyin a layi, bolt 230 ɗin gaba ɗaya zai zauna a jikin akwatin, kuma wannan ba tsunkuli ba ne. Haka nan kada a buɗe fawa-fak, don manyan kafasitansa na riƙe bolt sama da 300 ko bayan an zare fulogi. Idan kuma jan ya yi ƙarfi har hannu ya sage, ko mita ta nuna kusan 230 a jikin ƙarfen, to waya ce ta sale a ciki, a kashe a canza fawa-fak ɗin. Tas ɗin nan guda ɗaya da ake ji lokacin hunturu kuwa daban ne, na bushewar iska ne.

Mai wayarin ya zo ya kafa sandar tagulla mai tsawon mita 1.2 a bayan shago, ya ɗaure mata waya mai kaurin 6mm² da maƙala, ya kai ta allon rabon wuta, ya ja wayar ƙasa zuwa kowane soket, ya ƙara makunnin kariya na miliamfiya 30 mai yanke wuta idan ta bi jikin mutum. Janareto ma ya haɗa jikinsa da sandar. Mita ta sauka zuwa kusan sifili. Kafin ya tafi ya ce in riƙa zuba wa wurin ruwa da rani, saboda busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai.

Ina cikin zuba bokiti ne maƙwabcina mai shayi ya leƙo ya ce, "Malam, me ka shuka a nan?" Na ce ƙarfe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah ya ba da yabanya, ya je ya gaya wa yarona cewa lallai abin ya kama maigidan ma.