Tumbin Giwa a Shagon Tela

Saura kwana tara Sallah, Alhaji na Kantin Kwari ya faɗo shagon telansa Bazazzagi yana haki, ledar shadda a hammata.

ALHAJI: Kai Bazazzagi, ka ji tsoron Allah! Yadi biyar na aiko, ka ce wa yaro bai isa ba. Ina ka kai saura?

TELA: Zauna tukuna, ranka ya daɗe. A'a, ban da wannan kujerar, ta roba ce. Ga benci.

ALHAJI: Ka fara ko?

TELA: Littafin awo ne zai fara. Ga shafinka. A 2015 ƙugunka inci 34. A 2019 ya kai 40. Bara 46. Yau kuwa sai yaro ya riƙe mini bakin tef na zagayo.

ALHAJI: Wannan ai hutu ne, ɗan nema. Ka taɓa ganin mai kuɗi kamar sillen kara? Kano fa tumbin giwa ce.

TELA: Garin aka yi wa kirari, Alhaji, ba a ce kowane Bakano ya yi nasa ba. 'Yata mai aikin jinya ta ce namiji in ƙugunsa ya wuce inci 40, ciwon suga da hawan jini sun yi masa sallama.

ALHAJI: Sun ma shigo an ba su tabarma. Ƙwaya uku nake haɗiya kullum, ga gwiwa.

TELA: Nawa a wata?

ALHAJI: Bar wannan zancen, kada jinin ya hau.

TELA: To ni in lissafa maka, tunda kai ɗan kasuwa ne. Ƙarin yadi biyu a kowane ɗinki. Ɗan adaidaita kuɗin mutum biyu yake karɓa a wajenka. Gwajin jini, kuɗin ganin likita, ranakun da ka kwanta yara suka yi ciniki yadda suka ga dama. Da ka je Umara kuma, wa ya yi ɗawafin?

ALHAJI: Ni mana.

TELA: Kai ko yaron da ka biya Riyal ya tura ka a keke zagaye bakwai, ya ƙara da Safa da Marwa?

ALHAJI: Ladan dai nawa ne. Yaro, miƙo lemon can mai sanyi.

TELA: Robar nan ta rabin lita, sukarin cikinta ya kusa cokalin shayi 13. Shi ya sa a 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita.

ALHAJI: Naira goma? Ashe ma kyauta suke ba mu. Ai ni ba na cin abinci sosai. Da safe shayi mai kauri da ƙwai huɗu, da rana ɗan gurasa da tsire, da dare tuwo malmala uku kacal.

TELA: Kacal.

ALHAJI: Sai fura kafin barci.

TELA: Tafiyar rabin awa a ƙasa, kwana biyar a mako, ita likitoci ke roƙo. Masallacin da ke bakin layinku ma a mota kake zuwa.

ALHAJI: In mutane suka gan ni a ƙasa ai sai a ce na karye.

TELA: Ba kai kaɗai ba ne dai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 manya miliyan 890 ne ke fama da ƙiba mai yawa.

Alhaji ya ajiye lemon, ya ciro kwakuleta daga aljihu.

ALHAJI: Miliyan nawa ka ce?

TELA: Ɗari takwas da casa'in. Ka tsorata ko?

ALHAJI: Kowannensu yadi bakwai... Bazazzagi, duk a wajen wa suke sayen shadda?