Ba taron ƙungiyar asiri ba ne

Wani bidiyo na ta yawo a WhatsApp har ƙauyukanmu na Ringim: Turawa cike da zaure, wasu da dogayen kunnuwa, suna ɗaga hannu yatsu a rabe biyu. Da yawa sun ce ƙungiyar asiri ce, kuma maganar ta ishe ni, ko da yake shigar tana iya ruɗa mutum.

Masoya Star Trek ne, shirin talabijin na Amurka da aka fara a 1966, labarin jirgi mai ratsa sararin samaniya. Kunnuwan na roba ne, Spock na cikin shirin suke kwaikwaya, ɗaga hannun kuma gaisuwarsa ce. Kamar dai matashi ya sa rigar Kano Pillars ranar wasa. Babban taron masoyan shirin na farko a New York aka yi shi, a 1972.