Gawayin kwal na iya rage gubar da kwal ke fitarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen kwal, hankalina yakan tafi wajen mutumin da ke zaune kusa da tashar lantarki yana shaƙar iskarta a yau. Kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya har yanzu daga kwal yake fitowa, kuma tashoshin da aka riga aka gina za su daɗe suna aiki, don haka dole a yi maganar hayaƙinsu tun kafin ranar rufe su ta zo.

A cikin hayaƙin nan akwai iskar da masana ke kira NOx, wato naitirojin da ya haɗu da oksijin. Kwal kansa yana ɗauke da naitirojin kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa, kuma daga nan mafi yawan gubar take fitowa. Tana tayar wa masu asma ciwonsu, tana kuma cikin abubuwan da ke kawo ruwan sama mai asid.

Dabarar rage wannan gubar da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba ita ce sake ƙonawa, wadda wani mai bincike mai suna Wendt da abokan aikinsa suka bayyana a 1973, kamfanin Mitsubishi kuma ya yi aiki da ita a Japan a farkon shekarun 1980. Ana ƙona mafi yawan kwal a ƙasan tanderu, sai a ɗan sama a watsa ƙarin makamashi, kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, a wurin da aka rage iska da gangan, sannan can sama a buso iska ta ƙarasa ƙone abin da ya saura. A tsakiyar nan aikin yake. Idan gawayin kwal aka watsa, wato kwal da aka gasa har tururin cikinsa ya fita ya bar kabon mai ƙananan ramuka birjik, to ƙwayar gawayin da ta yi ja, ta kuma rasa oksijin, sai ta ƙwace wanda ke jikin NO (ɗaya daga cikin nau'o'in NOx), naitirojin ya koma irin wanda ya cika sararin da muke numfashi. Abin da ya fi burge ni shi ne gawayin lignait, kwal ɗin da ake rainawa saboda damshinsa, ya fi na kwal mai daraja iya wannan aiki, saboda yawan ramukansa da kalsiyam ɗin da ke cikinsa.

Na sani cewa na'urar da ke amfani da amoniya ta fi tsabtace hayaƙi, don takan cire kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, alhali sake ƙonawa takan tsaya wajen rabi ko sama kaɗan. Amma tsadarta ta sa tsofaffin tashoshi da dama suna zaune ba ita, kuma rabin gubar da aka hana fita sauƙi ne babba ga huhun yaro.

Inda nake jan hankalin masu tallata dabarar shi ne batun toka. Gawayi ba ya saurin ci, zamansa a wurin kuma bai cika wuce daƙiƙa ɗaya ba, saboda haka idan ba a niƙa shi ya yi laushi sosai ba, sai ya fita bai gama ƙonewa ba, tokar ta yi baƙi, masu haɗa kankare da ke sayen tokar su ƙi saye. Duk injiniyan da zai kawo wa tasha wannan shawara, ya zo da lissafin tokar tare da na hayaƙin.