Maganar Sandra Oh, da masu ce mana wai haƙuri ne ya kai ta

Duk sanda aka kawo zancen jarumar fim Sandra Oh sai ka ji mutane suna cewa kun gani ko, mahaƙurci mawadaci, ta yi haƙuri shekara da shekaru gashi Allah ya ɗaga ta. Ni gaskiya wannan maganar tana min ciwo. Ba wai ina musun haƙurinta ba ne, ta yi haƙuri ƙwarai, amma in muka tsaya a nan to mun wanke waɗanda suka danne ta fiye da shekara 20 kenan, mun maida abun kamar jarabawa ce da ya kamata ta ci kafin a ba ta haƙƙinta. Alhali matar nan tun tana ƴar shekara 23 ta riga ta nuna wa kowa za ta iya ɗaukar fim a kanta daga farko har ƙarshe.

Bari na fara gyara wani abu, saboda da yawanmu masu kallon finafinan Koriya da mun ga fuskarta sai mu ɗauka daga can take. Ƴar Kanada ce. A Nepean aka haife ta, gefen Ottawa, a 1971. Iyayenta ne suka taso daga Koriya ta Kudu, baban ɗan kasuwa, mamar ta karanci kimiyya, gida ne na masu son boko sosai irin wanda ake so yaro ya zama likita ko lauya. Ta samu gurbin karatun aikin jarida kyauta a Jami'ar Carleton ta ƙi, ta tafi Montreal makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasa, iyayen ba su so ba sam. Ta gama a 1993.

To ku dubi abun da ya biyo baya. Fitowarta ke da wuya aka ɗauke ta babban rol a fim ɗin talabijin The Diary of Evelyn Lau, labarin wata yarinya a Vancouver da ta gudu daga gida tana shekara 14 ta faɗa rayuwar titi da ƙwaya, daga baya ta zama marubuciya. Rol ne mai nauyin gaske, kuma har Faransa aka ba ta lambar yabo a kansa. A 1994 ta fito a Double Happiness na darakta Mina Shum, a matsayin budurwa ƴar gidan Sinawa mazauna Kanada wadda take son zama ƴar fim iyayenta kuma suna son ta yi aure ta nutsu, kusan labarin rayuwarta kenan. Da shi ta ci Genie na gwarzuwar jaruma, wato kambun fim mafi girma a Kanada a lokacin. Bayan ƴan shekaru ta sake cin wani Genie ɗin da Last Night na 1998. Duk wannan a ƙasarta, duk a matsayin wadda labarin ke kanta.

Sai ta tsallaka Los Angeles wajen 1995 da kambunta a hannu. Ita da bakinta ta sha ba da labarin yanda wata ejan, wato mai nema wa jarumai aiki, ta zaunar da ita ta gaya mata ba ta da abun da za ta yi mata, gara ta koma gida ta yi suna tukunna sannan ta dawo. Ta koma gida ta yi suna fa! Wane suna kuma bayan wanda ta zo da shi? Abun da matar ke nufi kowa ya gane, fuskarki ba irin wadda muke sa wa a gaban fosta ba ce.

Kuma haka aka yi. Daga 1996 zuwa 2002 tana Arliss na tashar HBO a matsayin Rita Wu, mataimakiyar oga a ofis. A The Princess Diaries mataimakiyar shugaban makaranta ce, fitowarta ƴan mintuna ne amma har yau mutane na yawo da bidiyon yanda take ɗaga waya. A Under the Tuscan Sun ƙawar jaruma ce. A Sideways budurwar abokin jarumi. Kamar mai girkin biki, ita ce a bakin murhu tun asuba, kowa ya ci ya yi santi, amma in an zo ɗaukar hoto a ce ta ɗan matsa gefe.

Na san za a ce min to Grey's Anatomy fa? Eh, a wannan shirin likitocin na talabijin ne akasarinmu muka san ta, kuma ni kaina nan na fara ganinta. Daga 2005 zuwa 2014, zango 10 cur tana Cristina Yang, likitar tiyatar zuciya. An ce ma farko rol ɗin Bailey aka kira ta ta gwada, ita ta ce Cristina take so, kuma wallahi ta san abun da take yi. Cristina ba mace ce mai neman a so ta ba. Tana da girman kai, bakinta ba linzami, ta fi son ɗakin tiyata a kan komai, ta faɗa ƙarara ba ta son haihuwa kuma ba ta canja ba har ta bar shirin. Akwai zaɓin da ta yi a labarin da ni ban yarda da su ba ko kaɗan, amma ba a taɓa yin ranar da na kalle ta na ji ƙarya take ba. Wanda ya ga wajen da aka fasa aurenta da Burke, tana tsaye cikin rigar amarya tana kuka tana cewa a cire mata ita har sai da ƙawarta Meredith Grey ta sa almakashi ta yanke rigar, ya san me nake faɗa. A fuska ɗaya ka ga baƙin ciki ka ga kuma kamar an sauke mata kaya, ban san jarumai nawa ne za su iya haɗa biyun nan a lokaci guda ba tare da sun yi ihun banza ba.

Amma ko a nan ɗin, sunan wa shirin yake ɗauke da shi? Grey. Na Ellen Pompeo ne, wadda ta fito a Meredith Grey. Sandra ta ci Golden Globe, ɗaya daga cikin manyan kambunan fim da talabijin na Amurka, a 2006 amma a rukunin mataimakiyar jaruma. Emmy kuwa, babban kambun talabijin na Amurka, sau 5 a jere aka sa sunanta, 2005 har 2009, duk a rukunin mataimaka, ko ɗaya ba a ba ta ba. Ina jinjina wa Shonda Rhimes, wadda ta ƙirƙiro shirin, da ta buɗe ƙofar ɗaukan jarumai ba tare da duba launin fata ba, don ba ita ba ƙila da ba mu san Cristina ba, sai dai gaskiya ita ce ko a can ɗin kujerar ta biyu aka ba ta.

Yanzu ga wajen da ya fi taɓa ni a duk tarihin matar nan, shi ya sa ma na zauna rubutun. Bayan ta bar Grey's a 2014, mace da duniya ta sani, ka ɗauka furodusoshi za su yi layi a ƙofarta. Shiru. Ta koma wasan dandamali, ta yi ƙananan finafinai, ta koma Kanada ta sake aiki da Mina Shum. Sai aka turo mata labarin Killing Eve. Ta ce tana Brooklyn tana waya da ejan ɗinta tana duba takardun a wayarta, tana ta neman wane rol ne nata, likita ce ko sakatariya ko wata ƙawa, ta kasa ganewa, har ta tambaya. Ejan ɗin ta ce mata ai Eve ce. Sunan da ke jikin shirin gaba ɗaya. Mace mai Genie biyu da Golden Globe, tana da shekara arba'in da wani abu, an miƙa mata labari amma ko a ranta bai zo ba cewa ita ce jarumar. Ita kanta ta ce a wannan lokacin ta gane irin wankin ƙwaƙwalwar da aka yi mata.

Wannan shi ne ɓarnar da masu cewa haƙuri ba sa lissafawa. Hana mutum aiki abu ɗaya ne, ana iya gyarawa gobe. Amma a yi ta ajiye shi a baya har shi da kansa in ya shigo ɗaki ya wuce kujerar baya ba tare da kowa ya ce masa komai ba, wannan ya shiga jini. Kuma Sandra mai ƙarfin hali ce, wadda ta iya tsayawa gaban iyayenta tana budurwa ta ce ga abun da za ta yi. In har ita abun ya ci ta haka, ina ga waɗanda suka zo tare da ita suka gaji suka bar sana'ar ba mu ma taɓa jin sunansu ba?

Killing Eve ya fito a 2018, tana Eve Polastri, ma'aikaciyar leƙen asirin Birtaniya da ke farautar wata mai kisan haya. Zangon farko da Phoebe Waller-Bridge ta rubuta ya yi kyau matuƙa, na baya kuwa a ganina sun yi ta raguwa, ƙarshen ma bai min daɗi ba, kuma ba shiri ba ne na kallo da yara. A shekarar aka sa ta takarar Emmy ta babbar jarumar diramar talabijin, aka ce ita ce mace ta farko ƴar asalin Asiya da ta taɓa shiga wannan rukunin. Aka yi ta murna. Ni kuma abun da na riƙe shi ne bikin Emmy karo na 70 ne fa. Shekara kusan 70 ba a samu ko mace ɗaya ƴar asalin Asiya ba? Wannan ai abun kunya ne ga masu bikin. Kuma ba ta ci ba, Claire Foy aka ba. Shekarar da ta biyo Jodie Comer, abokiyar aikinta a shirin, ita ta ɗauka. Sai 2024 Anna Sawai ta zama ƴar asalin Asiya ta farko da ta ci kambun.

Ba zan ɓoye ba, daren Golden Globe na Janairun 2019 ya sa ni farin ciki. Ita ce mai gabatarwa tare da Andy Samberg, kuma a daren ta ci gwarzuwar jaruma. Iyayen nan da suka ƙi zancen fim tun farko suna zaune a zauren, baban ya miƙe yana tafi, ita kuma ta gode musu, ta ce tana son su da yaren Koriya, ta sunkuya musu irin gaisuwar gida. Duk ɗan da ya taɓa zaɓar hanyar da iyayensa ba su so ba, kuma bai yarda ya rabu da albarkarsu ba, ya san nauyin wannan sunkuyon.

Abun da na fi girmama ta da shi shi ne yanda ta yi da damar bayan ta samu. Ta fara zaɓar rol ɗin da asalinta ke ciki sosai. A The Chair na Netflix a 2021 ta fito a Ji-Yoon Kim, shugabar sashen Turanci a wata jami'a, tana magana da babanta da Koriyanci a gida, kuma tana cikin furodusoshin. A watan Maris na shekarar, bayan harbin da aka yi a Atlanta inda akasarin waɗanda aka kashe mata ne ƴan asalin Asiya, ta ɗauki lasifika a taron gangami a Pittsburgh ta yi magana. A 2022 ta yi muryar uwa a Turning Red, katun da aka kafa labarinsa a Toronto, kuma a shekarar Kanada ta ba ta lambar girmamawa ta ƙasa. Emmy ɗinta na farko sai 2024 ya zo, shi ma a matsayin furodusa ta Quiz Lady, ba don wasanta ba.

To duk wannan alheri ne, amma ba ya dawo da shekarunta na ashirin da talatin. Finafinan soyayya da na barkwanci da na tashin hankali da ya kamata a ce ta ja a wancan lokacin ba za a taɓa yin su ba, mu masu kallo aka cuta tare da ita. Wanda yake ganin na cika baki ya nemi Double Happiness ya kalla, ya dubi yarinyar nan ƴar shekara 23 yanda take riƙe kyamara da ido kawai, sannan ya zo kwamen ya gaya min wane dalili ne na sana'a zai sa a ba wannan rol ɗin mataimakiyar oga na tsawon zango 7.